Yaƙin Nafi'u da Rundunar Kiyashi

Bayan gaisuwa ga ma'abota tarihi, wannan shi ne labarin Nafi'u ɗan Ɗanliti mai gyaran rediyo, jikan Iya Tabawa wadda muryarta ke tsallake katangun unguwa. Nafi'u sadaukin almakashi, dodon kwali, mai yanka ba jini, wanda bai taɓa gudu daga fagen fama ba, domin bai taɓa zuwa ba.

A shekarar da ɗakin karatu na garinsu ya yi shelar baje kolin zane-zane, sai gwarzon ya miƙe a tsakar gida, ya daki ƙirji, ya yi alwashin zai haɗa fuskar kakarsa, ba da fenti ba, da tarkace zalla, kuma ita da bakinta za ta dubi hoton ta ce, “Ni ce.”

Iya Tabawa ta ce, “Angona, kai da ko ƙwai ba ka iya zanawa?”

Maganar ta soke shi kamar mashi. Ya tara kayan yaƙi: kwalin taliya, ƙyallayen tela domin ɗankwali, ɓawon gyaɗa domin tamojin goshi, wake domin idanu, da farar shinkafa domin haƙora, saboda shi mai ladabi ne, ya ƙudura zai mayar wa tsohuwa abin da shekaru suka ƙwace mata. Ya dama garin rogo a wuta ya zama gam, kuma da yake wani abokinsa, shaihi a fannin da bai sani ba, ya rantse masa sukari na ƙara danƙo, sai ya zuba babu rowa. Ranar baje koli da hantsi ya liƙa haƙorin ƙarshe, ya shanya hoton a kan tebur, ya shiga wanka.

To, a nan ne fitina ta kunno kai. Daga gindin randa rundunar kiyashi ta ɓullo, sahu bayan sahu, ba ganga ba kakaki, adadinsu sai Wanda ya halicce su, suka haye ƙafar tebur, suka ratsa haɓa, suka yi sansani a bakin Iya.

“Wayyo haƙoran Iya!”

Da wannan kirari Nafi'u ya faɗo daga banɗaki, ɗaure da tawul, kumfa a kunne, tsintsiya a dama, mafici a hagu. Aka yi gumurzun da kajin gida suka shaida daga nesa. Ya share, ya kaɗe, ya hura da baki har jiri ya ɗebe shi. Ya zagaye teburin da ganuwar toka, ya tsoma ƙafafun teburin cikin kwanonin ruwa, har da na cin tuwon babansa. Abokan gaba suka cije shi a yatsu da wasu wuraren da tarihi ya ga ya kamata ya yi shiru a kansu. Daga ƙarshe suka watse, amma sun tafi da ganima: haƙoran gaba duka. Gam ya ƙare, azahar ta gabato, ana shirin rufe karɓar hotuna. Haka ya ɗora hoton a ka ya ruga.

Da la'asar Iya Tabawa ta iso ɗakin karatun da sandarta. Ta tsaya gaban hoton, ta ƙanƙance ido, ta matsa, ta ja da baya.

“Allah sarki, Malam!” in ji ta, tana nufin marigayi mijinta, kakan Nafi'u. “Har giɓinsa. Har rawanin nan nasa da ba ya naɗuwa daidai.” Ta goge ido da gefen mayafi. “Angona, ashe ka iya.”

Nafi'u ya matsa a hankali, ya rufe takardar da aka liƙa a gefen hoton, mai ɗauke da sunanta, da bayansa.

“Shi ne, Iya,” ya ce, yana sosa yatsa.