Yadda Ake Samun Ɗaki a Garin Mutane Kafin a Samu Abin Yi

Kai da aka raba gonar gado, kasonka ya zo daidai inda jaki zai kwanta jelarsa na gonar maƙwabci, matso kusa. Masu hankali za su ce ka fara neman abin yi kafin ka ɗaure kaya. Rabu da su, a ɗakin iyayensu aka haife su, a can kuma za su tsufa. Ɗaki ne farko. Bi matakan nan, in ba ka sami rufi a kanka ranar da ka sauka ba, zo ka aske mini gemu ba sabulu. Shaidata Tasi'u, wanda ya bar ƙauyensu da tabarma ɗaya da matarsa Kaltume mai tsohon ciki, ya nufi wata unguwa gabas da Gezawa, alhali ba abin da ya iya sai zance.

Mataki na 1: Sauka da hadari

Kada ka isa da rani, lokacin da 'yan ci-rani suka cika zaure, kowa kuma yana da sararin tambayarka asali. Bari sai an yi ruwan shuka, hankalin kowa ya koma gona. Tasi'u ya iso tun hantsi, amma ya laɓe a gindin wata tsamiya bayan gari, Kaltume tana ta mita ƙafafunta sun kumbura. Sai da gabas ta yi baƙi ƙirin ya ɗaga ta, suka yi sallama a ƙofar dagaci. Wane ne zai tsaya binciken baƙo ga mai ciki ga walƙiya? Babu shi.

Mataki na 2: Zaɓi sana'ar da ba lokacinta ba

Nan ne ƙashin bayan maganar, buɗe kunne. Dagaci zai tambaye ka sana'arka. Ka ce noma, gobe da asuba a miƙo maka fartanya. Ka ce wanzanci, nan take wani tsoho zai tuɓe hula. Ka ce saƙa, za a ce ina ƙoshiyarka.

Tasi'u ya durƙusa, ya yi gyaran murya, ya ce shi magini ne daga Birni, kuma ba ya taɓa ɗakin jinka, soro kawai yake ginawa. Ka ga hikima? Ba mahaukacin da ke gini da damina. Ga shi da sana'a mai daraja, ga shi ba mai cewa ya gwada sai bayan kaka. Iyakar abin da ya haɗa shi da gini kuwa, ya taɓa kai itace Birni, ya huta a inuwar wani bango ana ɗora masa tubali.

Mataki na 3: Nemi mai masauki mai buri

Mai tausayi zai gaji da kai kafin gero ya fitar da kai. Mai buri ba ya gajiya. A zauren dagacin akwai Baba Ja'afaru, dattijo mai jakuna, wanda ke ɗauko taki daga Birni yana zuba wa gonakinsa. Ya daɗe yana ɗaga kai yana kallon sorayen attajirai har hularsa na faɗuwa, a unguwarsu kuwa ko dagaci a ƙarƙashin ciyawa yake kwana. Da jin an ce soro, ya ce baƙon nan nasa ne. Ya ba su ɗakin ɗansa da ya tafi fatauci Gwanja, ya ce da matarsa Inna Sauda ta ƙara awo.

Mataki na 4: Ci tuwo, tsare hannu

Wata rana za a ce ka zo gona ko don motsa jini. Ka ce hannun magini ba ya son ƙotar fartanya, tana kashe masa ma'auni. Amma kada ka kwanta, kwanciya ita ke tona asiri. Zaga gari hannu a baya. Ƙwanƙwasa katangar mutane, ka girgiza kai, ka wuce. Tasi'u har ƙasar bakin kududdufi yake ɗanɗanawa, ya tofar, ya ce ba ta nuna ba tukuna.

A haka Kaltume ta sauka. Inna Sauda ta tsaya mata wankan jego kamar 'yar cikinta, Baba Ja'afaru ya yanka ragon suna daga garkensa. Alherin nan shi ya hana Kaltume sukuni. Ta ce da mijinta ya je ya faɗi gaskiya tun ana ganin mutuncinsu, don in aka kore su da jaririya ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ya ce ta kwantar da hankalinta, rani yana da nisa.

Rani ba shi da nisa, ɗan'uwa. Wannan ne kaɗai aibin dabarar.

Mataki na 5: In rani ya zo, ja ƙafa, in ta ƙi, hau bango

Tasi'u ya ce azarar rufi ba ta bushe ba, aka jira. Ya ce watan ba shi da sa'a, aka jira. Ya ce ya yi mummunan mafarki, Baba Ja'afaru ya yi sadakar waina, ya kira gayya har da makaɗi. Samari suka kwaɓa ƙasa, suka mulmula tubali, suka shanya. Da bango ya fara tashi, dole gwani ya hau kansa a riƙa jefa masa tubali daga ƙasa yana cafewa. Na farko a ƙirji ya same shi. Ya ce gwada nauyinsa yake yi. Bangon ya tafi a karkace kamar bakan gizo, ya ce da gangan ne, don ya tokare iskar gabas. Mutanen da ba su taɓa ganin ana gina soro ba suka jinjina kai.

Mataki na 6: Kada ka bari mace ta yi maka tambaya a gaban jama'a

An shimfiɗa azara, an zuba ƙasa, Tasi'u ya zagaye rufin da rawani mai tsayi, wato 'yar katangar bakin rufi, ya kafa zankon ado a kowace kusurwa. Wallahi daga nesa sai ka rantse gidan hakimi ne. Inna Sauda ta kawo wa ma'aikata fura, ta zaga ginin, ta ce ita dai ba ta ga indararo ba, ruwan sama ta ina zai sauka?

"Inna, ai indararo na mutanen da ne," in ji Tasi'u. "A Birni yanzu ruwa shi ke neman hanyarsa."

Kaltume na jin haka ta koma ɗaki ta fara ƙulle 'yan tsummokaranta.

Mataki na 7: Karɓi girman da aka ba ka

Ranar da hadarin farko ya haɗo, da la'asar sakaliya, Baba Ja'afaru ya ce ba zai riga gwani shiga ba, mai gini shi ya kamata ya fara jin daɗin aikinsa. Aka shimfiɗa wa Tasi'u buzu a tsakiyar soro. Ya zauna shi kaɗai yana jin ruwa na taruwa a kansa, ba ko ɗigo da ke sauka waje. Tsoro ya kama shi, amma fita tonon asiri ne. Azara ta yi ƙara, ya ja salati, sai ga tafki guda ya sauko masa da ƙasa da komai. Da ƙafa aka jawo shi, ba abin da ake gani a jikinsa sai idanu.

Kaltume ta fito da goyo da ƙunshi a ka, ta durƙusa gaban dattijon cikin ruwa tana kuka, ta ce su yafe, yanzu za su kama hanya. Inna Sauda ta sauke mata ƙunshin, ta ce jikarta ba inda za ta cikin damina. Baba Ja'afaru ya daɗe yana kallon tulin laka inda burinsa yake tsaye ɗazu, sannan ya juya ga Tasi'u.

"Ɗaki na Kaltume ne da 'yarta, kai albarkacinsu za ka ci. Da rani zan ɗauko magini na gaskiya, kai ne mai taka masa ƙasa. Kafin nan, ga fartanya can a jikin rumbu."

To, ka gani? Ɗaki da fari, aiki ya biyo baya da ƙafarsa, har guda biyu. Me na ce maka?

Sharaɗi

Ni shawara na bayar, ban riƙe wa kowa tsani ba. Wanda rufi ya danne, ko dagaci ya sa aka raka shi bayan gari da tsumagiya, ko ya dace da mai masaukin da ba shi da Inna Sauda, kada ya ambaci sunana gaban alƙali. Ban san shi ba, ban san garinsu ba. Mai ƙorafi ya je ya sami Tasi'u, yana gonar Baba Ja'afaru tun asuba, sai dai ba ya iya ɗagowa ya amsa sallama.