Hular Ɗayyabu da Ƙofar Masana'anta

Duk wanda ya yi aiki a masana'antar robar nan ta bayan gari ya san Ɗayyabu. Aikinsa jera kaya a sito, amma in ka ji shi a teburin mai shayi, sai ka rantse shi ya ƙera injinan. Ka ce jirgin sama, ya ce ya taɓa kwance shi. Ka ce tauraron ɗan'adam, ya ce da shi aka ɗaura. Baki kamar rediyon da aka rasa makashinsa.

To, ana nan sai kamfani ya gaji da ɓatan kaya. Bokitai, butoci, har da fo na kashin yara, kullum suna yin ƙafa. Sai aka kawo wata dabara. Kowane kaya aka ƙera, a manna masa 'yar alama kamar kan sarki, mai 'yar siririyar waya a ciki. A bakin ƙofa kuma aka kafa na'ura mai jin alamar daga nesa. Kaya na giftawa, ta yi ƙara, ta rubuta sunansa a kwamfutar Malama Ladidi, mai lura da fitar kaya.

Ranar da injiniya ya tara ma'aikata yana bayani, Ɗayyabu na can baya yana gyangyaɗi. Da aka tashe shi ya ce ai karatun 'yan firamare ne wannan. Wai na'urar ido gare ta kamar ta kanti, abin da ba ta gani ba kuwa, ba ta san da shi ba.

Ashe gogan da manufa. Ya shirya da surukinsa Sallau, mai tireda a kasuwa, ya zo bayan katanga da baro. Ma'aikata na tafiya cin abinci, Ɗayyabu ya tsuguna gaban tulin fo, yana ɓare alama yana cilla fo ta saman katanga. Fiu, tim! Fiu, tim! Har baro ya yi tozo.

Saura alamomin. Ya zubar, masu shara su gani. Ya ƙona, hayaƙi ya tona shi. Sai ya tuɓe hularsa, ya manne su tsaf a ciki, ya kifa a kan sanƙonsa, ya karya ta gefe guda. Ya ce a ransa, makauniyar na'ura ta zo ta leƙa.

Da aka tashi aiki ya taho yana taƙama, yana kaɗa 'yan makullai. Ya tarar manaja, Alhaji Zubairu, na tsaye a ƙofa da baƙi manyan 'yan kasuwa, yana nuna musu sabuwar na'ura. Mai hankali da ya ja baya. Ɗayyabu kuwa sai ya kutsa, ya gaisa da kowa hannu bibbiyu, har yana gaya wa baƙin cewa shi ya ba da shawarar a sayo ta.

Ya sa ƙafa a ƙofa.

Ƙiiiii! Jar fitila ta hau walƙiya.

Ya yi tsalle ya koma. Tsit. Ya sake gwadawa a karkace kamar ƙaguwa. Ƙiiiii! Ya sunkuya ya bi da rarrafe. Ƙiiiii!

"Gaisuwa ce," in ji shi, gumi na tsattsafowa. "Ta san maigidanta."

Alhaji Zubairu ya tambayi Malama Ladidi abin da kwamfuta ta rubuta. Ta duba, ta gyara tabarau, ta sake dubawa.

"Ranka ya daɗe, ta ce ba mutum ba ne. Fo ne, dozin huɗu, shuɗaye."

Baƙi suka fara rufe baki da hannun riga. Ɗayyabu ya rantse da kabarin kakansa na'urar ta samu taɓin hankali. Ya zazzage aljihu, ya ɗaga riga har cibiya, ya tuɓe takalma. Maigadi ya kawo ƙaramar na'urar hannu ya bi jikinsa da ita. A ƙafa shiru, a ciki shiru. Tana isa kai ta hau kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Aka ce ya cire hula. Ya ce mura yake yi. Maigadi ya sa hannu ya fizge.

Zafi ya riga ya narkar da gam. Alamomin nan duk sun bar hula sun koma kan sanƙo, sun lulluɓe shi fari fat, yana ƙyalli kamar ƙwaryar da aka yi wa ado.

Ɗayyabu ya buɗe baki zai ce gwaji yake yi, manaja ya katse shi. Alhaji Zubairu ya ce a rubuta takardar sallama, a kuma nemo inda ainihin kayan suka shiga.

Malama Ladidi ta ɗago kai daga kwamfuta, fuskarta ba alamar wasa.

"Ranka ya daɗe, na'ura na jiran amsa. Wannan kayan, a loda shi a mota ne, ko a mayar da shi sito?"