Yadda Za Ka Je Dubiya Asibiti Ba Tare Da Mabiyanka Sun Yi Kewarka Ba

Idan kana da waya, da mabiya a dandalin gajerun saƙonni, da ɗan uwa kwance a asibiti, ka zo wurin gwani. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin mabiya hamsin kafin a sallame shi. Ni na gwada a kan kawuna ranar da za a yi masa tiyata a gwiwa, na samu sittin da uku.

1. Fara neman wurin caji

Kana shiga ɗakin, kada idonka ya fara sauka kan mara lafiya. Yana nan, ba inda za shi. Nemi soket. Yawanci yana bayan gado, wajen kai. Wannan rahama ce, domin duk wanda ya shigo zai ga ka ja kujera har jikin matashin kai, ya ce kai ne ɗan albarka a dangin.

2. Ɗauki hoton hannu, ba fuska ba

Hannunka a kan nasa, robar ƙarin ruwa ta ɗan fito a gefe. Rubuta: “Lafiya ita ce komai.” Na daɗe ina tunanin ko alherin da ba wanda ya gani yana nan ko ya ɓace. Malamai sun ce yana nan, har ya fi lada. Na yarda. Amma ban ga inda aka hana ajiye kwafi ba.

3. Koyi amsa ba tare da ji ba

Kalmomi uku sun ishe ka: “To,” “Haka ne,” “Allah sarki.” Juya su bi da bi yayin da babban yatsanka ke aiki a ƙarƙashin gado.

Ana gab da tura Kawu ɗakin tiyata, wani da ban taɓa gani ba ya rubuta mini cewa hoton ba nawa ba ne. Ina cikin kare mutuncina sai na ji Kawu ya damƙi hannuna.

“Ɗana, ka ji abin da na ce?”

“Na ji, Kawu.”

“Kullum fa. Safe da yamma. Ka yi mini alkawari?”

“Na yi alkawari, Kawu.”

Ya saki ajiyar zuciya, nas ta tura gadon. Ni kuma na tsaya riƙe da alkawarin da ban san na mene ne ba.

4. Kada ka tambaya

Tambaya tonon asiri ce. Zauna ka yi nazari. Me tsoho zai roƙa safe da yamma kafin a yanka shi? Addu'a mana. Na shiga yi masa addu'a sau biyu a rana, ina kuma wallafa cewa na yi.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Shin alkawarin da kunne bai ji ba yana kan wuya? Baki ne ya ɗauka, to wa za a kama, bakin ko mai bakin? Na jefa wa mabiya tambayar. Ɗari biyu suka yi zaɓe, mafi yawa suka ce ba ni da laifi. Ka ga amfanin jama'a.

5. Riƙe fuska idan an bincika

Kullum na je, Kawu zai ce, “Yaya, ana yi?”

“Ba fashi, Kawu.”

“Ba su ba ka wahala ba?”

A nan na ɗan yi turus, don addu'a ba ta cika ba mutum wahala ba. Amma na ce, “Ko kaɗan.” Ya ce da matarsa, “Kin gani? Ke da kike cewa yaron nan wayarsa ce uwarsa.”

6. Kasance a wurin ranar sallama

Bayan kwana tara muka kawo shi gida. Bai ko zauna ba, ya dogara sanda ya nufi bayan gidansa, inda ɗakin tantabarunsa yake. Shekara ashirin yana kiwonsu. Ya buɗe ƙofa. Kwanon ruwa ya bushe ƙayau, buhun tsaba a ɗaure yadda ya bar shi, sai gashi biyu uku a ƙasa.

Muka ɗaga kai. Ga su can, su talatin da huɗu, jere a kan rufin maƙwabci mai gyaran keke, sun yi ɓul-ɓul. Kawu ya yi musu fito. Ɗaya ta karkato kai ta dube shi, ta ci gaba da gyaran fiffike.

“Kwana uku suna kuka,” in ji mai keke ta kan katanga. “Na watsa musu tsaba, shi ke nan suka tare.”

Kawu ya juyo a hankali. “Safe da yamma kana yin me?”

“Addu'a, Kawu.”

Ya nuna mai keke da sandarsa. “To ta karɓu. Ga shi Allah ya ba su wanda ya fi ka.”

7. Wallafa darasin

Kada wahala ta tafi a banza. Na rubuta: “Wanda ka daina ciyarwa zai daina binka.” An yaɗa shi sau ɗari huɗu. Har yau ba abin da na rubuta da ya kai shi, har yau kuma Kawu bai amsa gaisuwata ba.

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da hannu a duk tsuntsu, akuya, mata ko kawun da ya ƙaurace maka bayan bin matakan nan. Mai ƙorafi ya same ni bayan gidan Kawu, safe ko yamma, ina tsaye da kwanon tsaba ina yi wa rufin wani fito. Kada ka turo saƙo. Hannuwana duka biyu suna riƙe da kwanon.