Waƙa Ta Iso, Motar Asibiti Tana Hanya

Jama'a, yau da hantsi ni ɗin nan, magidanci da furfura a gemu, na bi mota da gudu a layinmu, takalmi ɗaya a ƙafa, takunkumi yana reto a kunne. Duk wanda ya leƙo ta taga ya gan ni, ya kwantar da hankalinsa, ban zautu ba tukuna. Ku gyara zama ku ji, ai dama zaman ne aikinmu yanzu.

Tun da annobar nan ta sa aka ce kowa ya kulle kansa, gidan hayarmu ya koma gidan rediyo. Tela ba ɗinki, sai ya ƙure waƙoƙin soyayya a wayarsa, matarsa tana gefe tana aika masa harara. Uwargida tana wanke-wanke tana bin mawaƙa da muryar da ban san tana da ita ba, ban kuma yi kewarta ba a da. Yara sun haddace duk tallar da ake yi a rediyo, karatun makaranta kuwa ya bi iska.

Bango ɗaya ne ya raba ni da Baba Direba. Tsohon direban bas ne, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna wani gari, ga shi an rufe hanyoyi. Dukiyarsa a duniya tsohuwar rikoda ce da kaset ɗaya tal, wanda ya yi shekaru yana sawa a mota. Kaset ɗin ya sha wuya, akwai inda muryar mawaƙiyar take ja kamar mai hamma, kuma da biro yake nannaɗe shi don kada batir ya ƙare. Ranar da aka kulle mu ya kira ni ta taga.

"Ɗana," ya ce, "tunda an ce ciwon nan tsofaffi ya fi kayarwa, kada kowa ya shigo min ɗaki. In ka ji kaset da safe, ina nan. In ka ji shiru, to ka leƙo."

Ni da nake tsaki da kaset ɗin nan a da, sai ga shi shayi ba ya wuce min maƙogwaro sai na ji shi.

Kada fa ku ce manya sun manta da mu, wannan butulci ne. Mai Girma Sarkin Yanka Zare da 'yan kwamitinsa, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, sun zauna sun yi dogon nazari, suka gano abin da talaka ya fi buƙata a cikin annoba, wato waƙa. Aka rangaɗa ta kuwa. Baiti biyu na wanke hannu, sauran duk kirarin Mai Girma. Waƙa ta ce a wanke hannu da ruwa mai gudana, famfon layinmu kuwa rabonsa da ruwa tun autata tana goye. Aka sayi sabuwar mota dal, aka ɗaura mata lasifikoki, kullum tana zagaya unguwa. A ƙarshen waƙar har da lambar da za a kira idan wani ya kwanta. Wane irin gata ne ba a yi mana ba?

To yau na farka na ji shiru. Na zauna da kofi a hannu, shiru.

"Malam, ka ji kaset ɗin Baba?" in ji uwargida.

"Wataƙila batir ne ya ƙare."

"Batir ne zai hana shi tari? Tun asuba ko motsinsa ban ji ba. Tashi ka duba bawan Allah."

Na rufe hanci na tura ƙofa. Yana kwance a ƙasa gefen gado, numfashi sama-sama, hannunsa a miƙe wajen rikodar bai kai ba. Wallahi gabana ya faɗi. Mutumin nan amana ya ba ni.

Nan take na kira lambar nan mai albarka. Aka ɗauka kuwa, bugu ɗaya. Wa ya ɗauka? Waƙa. Ta wanke min hannu, ta yi wa Mai Girma kirari, ta faɗa min lambar da zan kira, ta sake komawa farko. Tela ya fito ya kira da tasa wayar, sai ga waya biyu suna amshi a ƙofar mara lafiya. Baba ya buɗe ido da ƙyar.

"Ɗana, kashe abin nan. In tafiyar ce ta zo, kada in tafi da shi a kunnena."

Sai kuma na jiyo waƙar a karo na uku, daga bakin titi. Motar lasifika ce. Abin da ya fitar da ni da takalmi ɗaya ke nan. Na sha gabanta ina haki, wani ma'aikaci mai riga mai ƙyalli ya sauke gilashi kaɗan.

"Ranka ya daɗe, tsoho ne a kwance, numfashi yana neman gagararsa. Ku taimaka ku kai shi asibiti."

"Kira lambar, Malam."

"Na kira, waƙa ake yi min."

"To ka gani, layin yana aiki ke nan."

"Motar asibitin fa?"

"Ba mai."

"Ku ina kuka samu naku?"

"Namu na wayar da kan jama'a ne, ba a taɓa shi. Kuma baya cike yake da lasifika, a ina za mu sa shi? Ja baya Malam, ka bar tazara."

Ya miƙo min takarda mai hoton Mai Girma yana murmushi a gaban famfo mai zubar da ruwa, ya ɗage gilashi, suka wuce suna kirari. Na tsaya da takarda a hannu, na tuna masu iya magana da suka ce tusa ba ta hura wuta.

Mai ruwan layinmu ne ya cece mu, don yana cikin waɗanda aka yarje wa yawo. Ya sauke jarkokinsa a ƙofar gida, muka shimfiɗa katifa a kurarsa ta tura ruwa, muka ɗora Baba, uwargida ta lulluɓe shi da zaninta. Shi yana turawa, ni da Tela muna tare ta kada ta faɗa rami. A ƙofar asibiti wata nas da idonta ya yi ja don gajiya ta karɓe shi, ta ce mu tsaya a waje. Kafin a shige da shi ya kama bakin rigata.

"Ka riƙa sa kaset ɗin da safe," ya ce, "kada 'yan gida su ɗauka na tafi."

An sa masa abin numfashi. Nas ɗin ta ce mu yi ta addu'a.

Na dawo na tarar da wayar da na manta a kan tabarma, waƙa ta cinye katin tas ta yi shiru. Na kunna rediyo, sai ga Mai Girma da kansa yana yi wa al'umma albishir cewa waƙar ta shiga kowane gida, saboda haka an amince a yi ta biyu, wadda ta fi ta farko tsawo. Gaskiya ya faɗa, ta shiga. Ni shaida ne, har ɗakin Baba ta shiga.

Rikodar tana gabana yanzu, na nemo biro na nannaɗe kaset ɗin zuwa farko. Gobe da safe zan danna, mu sha shayi muna jin hammar mawaƙiyar, bayan bango kuma ba kowa.

Ranka ya daɗe Sarkin Yanka Zare, ni ba na ja da manya, a yi waƙa ta biyu. Roƙona ɗaya ne: wannan karon a sa mata taya huɗu da gado a baya.