Yadda Ake Sayar da Tayar Lori Mai Sanƙo

Kai mai tsohuwar taya jingine a bayan ɗaki, bi matakan nan, na yi maka alkawarin za ta bar gidanka kafin ranar kasuwa. Da su ne Gambo mai faci na ƙauyenmu ya sayar da tayar da akuyarsa ke kwana a ciki.

1. Gyara ta. Kori akuyar. Wanke tayar, ka shafa mata baƙin mai, ka juya facin ya fuskanci bango. Mai saye ba ya son zagayawa, kada ka wahalar da shi.

2. Kimanta ta. Doke ta da ƙafa, ka kasa kunne, ka gyaɗa kai. Ba abin da za ka ji, amma gyaɗa kan shi ne kuɗin. Da Sodangi, direban tsohuwar lorin dawa, ya yi tayi, Gambo cewa ya yi, "Yaftah Allah," wato albarka, ya juya yana hura wutar jabana, butar gahawarsa.

3. Kare sanƙon. Sodangi ya shafa ta ya ce, "Ya zol, bawan Allah, ina zanenta?" Gambo ya ce, "Zane? Laka shika kwasowa! Wagga sulɓi takai ta wuce."

4. Rantse, amma ka tsaya a wallahi. A nan Gambo ya zarce. Ya ga Sodangi zai tashi, sai bakinsa ya riga shi: in tayar nan ta fashe kafin a kai garin Rusairis, matarsa Zainabu ta saku. Mutum huɗu suka ji. Zainabu ma ta ji ta bayan dangar kara. Sodangi ya biya, ya ɗaura wa lorinsa tayar.

5. Raka hajarka. Gambo ya hau lorin, domin yana son Zainabu ƙwarai, kuma ya san tayarsa. Kowane rami sai ya yi salati. Ya yayyafa wa tayar ruwan shansa, ya sauka yana tsince ƙayar hanya. Da faci ya fara kumburi, ya roƙi Sodangi ya rage gudu, ya saɓi buhu guda ya bi lorin a ƙasa. Haka suka shiga Rusairis, taya ba ta fashe ba, jakuna na wuce su.

6. Koma gida da albishir. Ya shigo a rankwafe yana cewa, "Ta kai! Aurenmu na nan!" Zainabu tana toya kisra, wainar dawa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Madalla. Da dai sabuwa ta, da na yi haƙuri. Aurena kaɗ ɗora bisa gadon akuya?" Tun ran nan akuya ke kwana a shimfiɗarsa, shi kuwa a inda tayar take jingine.

A sani: ni taya na ce za ta bar gida, kuma ta bari. Duk abin da ya bi bayanta, kada a zo mini da shi.