Filogin Ubanku da Naman Mutane

Ku matso nan ku duka: kai babba da ba ni kama sunanka, da kai Faruku, da ke Hanifa can Yamai. Na zauna na rubuto muku da kaina don kada ku fara jin labarin ga a bakin 'yan kabu-kabu. Ubanku ya sake.

Ana jibi Sallar Layya ya ƙetara iyaka Najeriya, ya dawo da wani farin abu kamar sabulun wanka. Ya tsaya tsakar gida ya ɗaga shi sama kamar wanda ya ciyo takobin kokowa.

"Shatu, daga yau gidan ga cikin aljihuna yake! Filogi mai wayo ke nan. Ko ina Makka, in na danna salula, wutar Ƙonni sai ta ce mini ranka ya daɗe. Shekara goma yake yi ko tari bai yi ba."

Na ce, "Malam, kai da canjin ƙwan lantarki ya kayar daga bisa turmi?"

"Turmin ne karkatacce."

Kun dai san shi. Duk zamansa a masana'antar siminti ta Malbaza ƙofa yake buɗe wa manyan motoci, amma tun da ya bar aiki ba ya amsa sallama sai an ce Injiniya.

To, kun san firigon da Hanifa ta saya mini shi kaɗai ne a lungunmu. Kowace Layya, in anka gama suya, matan unguwa kan kawo ɗanyen naman da sunka rage in aje musu. Kowace ta ɗaure bakin ledarta da ƙyallen zanenta don kada a rikice. Ban taɓa ɓatar da ko tsoka ɗaya ba. Ba ni da gona, ba ni da shago, wannan amanar ita ce sunana a unguwa. A kanta ubanku ya zaɓi ya gwada iliminsa.

Tun farko abin ya nuna halinsa. Ƙafa uku gare shi masu kusurwa, irin na Najeriya, bangonmu kuwa ido biyu ne. Ubanku ya sayo adafta ta shiga bango. Sai ga ƙafar firigo ita ma ta ƙi shiga filogin. Ya sayo wata. Ya jera su kamar tsire, abin ya yi tsawo har ya rusuna. Ya naɗe da robar tayar keke, ya ɗauki taɓaryata ya tokare.

"Da mi zan yi daka?"

"Zamani ya wuce daka, Shatu."

Kashegarin Sallah nama ya cika firigo, shi kuwa ya cika fada, mazaunin hirar mazan unguwa. Duk wanda ya gitta sai an nuna masa. Mai shayi ya gani, jandarma ya gani, har wani makiyayi da ya tsaya tambayar hanya sai da anka zaunar da shi. Ni ina gida ina ji: ƙas, firigo ya mutu. Ƙas, ya tashi. Ƙas. Ƙas. Tun hantsi har la'asar. Firigo ya koma nishi kamar tsohon rago mai mura, filogi ya ɗau zafi yana warin ƙonanniyar roba, wani sa'in a danna ya yi kunnen uwar shegu.

Sai Injiniyan ƙofa ya shiga gyara. Ya cire shi ya hura. Ya buga shi a gwiwa. Ya ce zazzaɓi ne, ya sa shi cikin firigo don ya huce, ya zauna yana jira. Na bar shi ya jira sosai kafin na ce, "Malam, wa ke ba firigon wuta yanzu?" Ya yi kamar bai ji ba. Daga nan ya danne ɗan maɓallin gefe ya ƙi saki, har abin ya manta gidanmu, ya manta wifi, ya manta ubanku kansa. Da kunnena na ji shi durƙushe yana lallashi: "Haba, ni ne fa. Injiniya."

Da ƙyar ya dawo da shi hayyacinsa, sai masu wuta sunka ɗauke. Da sunka maido, fanka ta juya, rediyo ya yi magana, firigo kaɗai ya yi shiru yana jiran umarnin mutumin da ke sharar barcin rana. Na tashe shi na ce, "Naman mutane ne a ciki. Ka cire tarkacenka ko in cire."

Ya yi murmushin nan nasa da ke sa ni neman muciya. Ya ce ya gano ciwon: akwatin wifi ne ba shi da ladabi, don ba ya ƙarƙashin kowa. "Ma'aikata ba ta tafiya ba shugaba." Ya sayo filogi na biyu, ya maƙala akwatin wifi a kansa, cikin ɗakin firigo. Ya ja ƙofar ƙarfe ya kulle don kada in taɓa, ya jefa makulli aljihu, ya hau mota zuwa Malbaza wai tsoffin abokan aiki su ga inda Allah ya kai shi.

Abin da ya faru can, su sunka ba ni labari da bakinsu, suna dariya har da hawaye. Ya tara su bakin hanya inda motocin siminti ke tsayawa. Ya danna, ya kira ni, ya ƙure murya don kowa ya ji.

"Shatu, kina jin firigo?"

"Ya yi shiru. Ka kunna."

"Kun ji ko? Daga nan na kashe shi! Yanzu ku ga babbar."

Sai ya kashe wifi.

Ku da kunka yi lakwal kunka san boko, sai in yi muku bayani? Mutum ya zura guga rijiya, ya yanke igiya, ya tsaya yana jiran ruwa. Ya danna, shiru. Ya goge salula da babbar riga ya danna, shiru. Na kira shi na ce ya kamo hanya da makulli. Ya ce, "Kada ki damu, rezo ne, layin salula, ya yi rauni, daga nan zan gyara." Ya hangi wata mota shaƙe da buhunan siminti, ya tattare riga ya haye can ƙololuwa, ya miƙa salula sama. Direba ya fito daga cin tuwo, bai ɗaga kai ba, ya ba ta wuta. Abokansa na ihu, ubanku na ɗaga musu hannu yana cewa da gangan ne, rezo ya fi ƙarfi gabas. Buhu ya fashe ƙarƙashinsa, caji ya ƙare, mota ba ta tsaya ba sai bayan Madawa.

Ni kuwa ina nan da ƙofar ƙarfe. Na ce bari in fasa kwaɗon, na nemi taɓarya, na tuna tana ciki tana riƙe da zamani. Mai walda ya tafi ƙauyensu yawon Sallah. Kafin wata rana ta take, ƙudaje sun yi layi a bakin ƙofa, kyanwoyin unguwa sun zauna bisa katanga kamar masu jiran rabon gado. Mata sunka fara zuwa ɗaya ɗaya, suna shaƙar iska suna kallona. Wannan kallon ya fi mini zagi.

Mumuni mijin Tabawa ya cece ni. Ya hau rufi ya ɗaga kwano ɗaya, ya sauka da igiya, ya fizge jerin tsiren nan. Filogin firigo ya riga ya narke ya yi baƙi. Mai shekara goma ko kwanan suna bai kai ba. Ya cusa firigo kai tsaye a bango, ya riƙa miƙo mana ledoji ta sama. Na ƙasa da sauran ƙanƙara, munka hura wuta munka hau suya. Na bisa kam ya tafi. Kuma na bisa, don rashin sa'a, cinya ce guda ta Tabawa, wadda bakinta ya fi wuƙar mahauci.

Ta ɗaga ledar da yatsa biyu. "Yaya Shatu, ragon ga da hannuna na yi masa dusa tun yana ɗan tunkiya. Ni ban ce laifinki ne ba. Amma hannunki na ba."



Muna cikin haka kabu-kabu ya tsaya ƙofar gida. Wani abu ya shigo fari fat daga hula har takalmi, ido biyu kaɗai ke motsi. Mata sunka watse suna salati. Mairo maƙwabciyarmu, da ke riƙe da bahon wankin nama, ta sheƙa masa shi duka. Abin ya yi atishawa ya ce:

"Ku kwantar da hankalinku, ni ne Injiniya. Filogi lafiyarsa lau. Ragunan bana ne ba su da ƙarko."

Tabawa ta ƙara masa bokiti guda, ita da saninta.

Na ce ya shiga ya yi wanka maza. Ya ce sai ya wanke sunan filogi tukun. Ya zauna tsakar rana da wuƙa yana ɓarke ƙonannen abin, yana yi wa mata bayanin rezo. Tun muna jin maganar sarai, har ta koma gunguni, har ta tsaya. Na duba. Simintin da ke gemunsa ya sha ruwa ya sha rana, ya kama. Gashin baki ya haɗe da gemu, ya zama dandamali guda.

Munka kira wanzami. Ya zo ya ƙwanƙwasa da bayan aska, ya saurara, ya maida kayansa zabira ya ce, "Inna, wannan aikin magini ne."

Maginin da ke kusa kuwa Mumuni ne, Tabawa ta rantse gudumarsa ba ta fita ɗaki sai an maido mata cinyar rago, mai ƙiba kamar tata. Ni ma abin da nake so ke nan, don in iya ɗaga kai a lungu.

To ga magana gabanku, ku ne manya yanzu. Cinyar Tabawa dai dole ce, ku san yadda za ku yi. Sauran batun gemu shi ne nake son ku taru ku yanke: a fasa, ko a bari? Kunu na shiga ta gefe, ba ya jin yunwa. Kafin ku yi gaggawa, ku sani tun da anka kawo ni gidan ga ban taɓa jin kukan tsuntsaye da safe ba sai yanzu.