Makonni Ukun Da Na Yi Ina Haske

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da aka yi bikin Hajara ba, ko da yake da ana samun mantuwa da roƙo, da tuni na roƙa. Hajara 'yar ƙanwata ce, a hannuna ta tashi bayan rasuwar uwarta, kuma zabiya ce. Tun tana ƙarama rana ba ta raga mata. In ta bi mu gona yini guda, sai ƙeyarta ta yi jawur ta saɓule, leɓɓanta su tsattsage. Maƙwabciyarmu Sista Rifkatu, ma'aikaciyar asibiti, ita ta fara kawo mata wani mai da ake shafawa ya kare fata daga rana. Ta kuma gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa irin wannan ƙunar in ta yi ta maimaituwa tana iya zama ciwon daji.

A lokacin hanya lafiya lau take. Mutum ya yi sallar asuba a Birnin Gwari, ya je Kaduna ya dawo ya sami magariba a jam'i, ba ya tsoron komai sai ramuka. Da aka sa rana, aka ce Randagi za a kai amarya, a kan babur, ta cikin daji, rana tsaka, ga man nata ya kusa ƙarewa. Na ce ni zan sayo, gudummawar kawu ke nan.

Sista ta rubuta sunan man da boko ta ba ni. "Baba Malam, miƙa wa mai shago kawai. Ka tabbata akwai lamba hamsin a jiki, in babu, talatin."

Na ce to. (Ni fa na rubuta izu sittin da hannuna, wasiƙun ajami na rabin unguwa ni ke rubutawa. Boko ne Allah bai nufe ni da shi ba, kuma ba na son a sani, alhali kowa ya sani.)

Da na isa Kaduna, na tarar da shagon cike da mata. Ga rawani, ga gemu, sai na ji nauyin miƙa takarda kamar wanda aka aiko. Ina cikin waige-waige idona ya faɗa kan wani kwali mai hoton mace fara sol, rana na fitowa a bayanta. Nan take na yi ƙiyasi irin namu na malamai: ga farar fata, ga rana, me ya rage? Lamba kuwa ko nemanta ban yi ba.

"Wancan. Ba ni uku."

Mai shago ya dubi kwalin, ya dube ni. "Na Hajiya ne?"

"Na 'yata ne, aure za ta yi."

"Ai kuwa ango zai gode," in ji shi.

Da na dawo sai waswasi ya kama ni, ko man nan yana hana ruwan alwala taɓa fata. Ban kuma ga dalilin ba yarinya abin da ban gwada ba. Na ɓoye biyu, na buɗe ɗaya. Kullum da hantsi in shafe fuska zuwa bakin gemu in tafi gona. Yana ɗan yi mini zafi, na ce faɗa yake yi da rana.

A mako na biyu ladan ya tare ni a ƙofar masallaci. "Malam, kwanan nan fuskarka wani haske take yi."

Na sunkuyar da kai na ce, "Sai godiyar Allah." A zuciyata kuwa na ce shekara arba'in ana biye da Alƙur'ani, ai lokaci ya yi da annuri zai bayyana. Har raka'a biyu na ƙara a walaha don kada ya gushe. Mai ɗakina kaɗai ta ƙare mini kallo ta ce, "Malam, annurin nan bai kai kunne ba?" Na ce ta ji tsoron Allah. A cikin makon ne ma na je wani suna na yi wa mata doguwar nasiha kan masu sauya halittar Ubangiji da man bilicin.

Da safiyar kai amarya na yi sallama, mata suka gyara lulluɓi, na shiga tsakar gida. Na kira Hajara, na yi mata addu'a, na ajiye kwali biyu a gabanta, na ce uku na sayo takanas daga Kaduna. Sista ta ɗauki ɗaya ta karanta, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Baba Malam, ina takardar da na ba ka?"

"Tana nan lafiya."

"Wannan man bilicin ne. In Hajara ta shafa ta hau babur cikin ranar nan, kafin Randagi fatarta ta ɗaye." Ta dubi kwalayen biyu. "Uku ka ce. Ina na ukun?"

Duk idon da ke gidan ya sauka a fuskata, ya zarce kunnuwana da wuyana da ke nan baƙi ƙirin yadda Allah ya yi su. Sai gwaggon ango, wata tsohuwa mai baki, ta rangaɗa guɗa ta ce, "Ashe amarya biyu za mu kai! A kawo wa Malam lalle!"

Hajara ta cusa kai cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Na so a ce kuka take yi.

Allah ya saka wa Sista da alheri, ashe tun farko ba ta gama yarda da ni ba, ta ajiye man kare rana na ainihi guda a jakarta. Ta shafa wa Hajara a fuska da kunnuwa da ƙeya da bayan hannu, ta ce a ƙara in an tsaya hutu a hanya, a kuma sake bayan kowace alwala. Aka ɗora mata malafa mai faɗi a kan mayafi. Ta isa ɗakinta ko tabo babu. Ni kuwa fuskata ta yi ta saɓa, ta koma ta fi da baƙi. Mako na zagayowa na koma Kaduna na miƙa takarda da hannu biyu.

Yanzu hanyar nan ba a binta yadda ake bi da, Sista ta koma garinsu, Hajara da mijinta sun dawo cikin gari da 'ya'yansu. In mai ya ƙare takan leƙo zaure ta ce, "Kawu, a duba lamba, ban da hoto."

Takardar tana cikin gafakata har yau. Na daina jin kunyar cewa a karanta mini. In kuma wani ya ce fuskata na haske, sai na duba kunnena a madubi kafin in ce amin.